Jiragen MAS na Italiya a fagen yaƙi: tambayoyi da amsoshi

A tarihin yaƙin teku, manyan jirage masu sulke da dogayen igwa su ne suka fi cin suna. Amma a Yaƙin Duniya na Ɗaya sojan ruwan Italiya sun fito da wani ɗan jirgi na katako, wanda tsawonsa bai wuce na tirela ba, suka ɗora masa tofido biyu da mutum takwas, ya je ya kifar da jirgin da ya ninka shi nauyi fiye da sau 1,000. Na daɗe ina bin labarin waɗannan jirage da ake kira MAS, kuma na lura ana yawan cakuɗa gaskiyarsa da kirari. Ga tambayoyin da suka fi tasowa a kansu.

Mene ne MAS, kuma daga ina sunan ya samo asali?

MAS ƙaramin jirgin ruwa ne mai injin fetur, mai gudu, wanda aka ƙera don ya harba tofido, wato makamin nan mai siffar dogon kifi da ke tafiya da kansa a ƙarƙashin ruwa har ya daki cikin jirgi ya fashe. An fara ƙera su a Benis a 1915, a wani kamfanin jirage mai suna SVAN, bisa zanen injiniya Attilio Bisio. Da fari haruffan uku na nufin jirgin SVAN mai ɗauke da makami. Daga baya aka riƙa fassara su da Motoscafo Armato Silurante, jirgi mai inji mai ɗauke da tofido, wani lokaci kuma Motoscafo Anti Sommergibile, mai farautar jiragen ƙarƙashin teku. Mawaƙin Italiya Gabriele D'Annunzio, wanda shi kansa ya hau su zuwa fagen fama, ya ƙirƙira musu take da Latin daga haruffan nan, Memento Audere Semper, ma'ana ka tuna, kullum ka yi ta maza. Wannan take ya bi su har yau.

Me ya sa ƙasa mai manyan jiragen yaƙi ta koma ga irin waɗannan ƙanana?

Sai an dubi taswira. Italiya ta shiga yaƙi da daular Ostiriya-Hangari a watan Mayun 1915, kuma tekun da ke tsakaninsu shi ne Adiriyatik, dogo, siriri. Gaɓar Italiya ta wannan ɓangare shimfiɗaɗɗiya ce, yashi da ruwa marar zurfi, tashoshin kirki kaɗan ne: Benis, Ankona, Birindisi. Gaɓar abokan gaba kuwa, wadda yau mafi yawanta Kuroshiya ce, cike take da tsibirai da lunguna masu zurfi, ga manyan sansanoni a Pola da Kattaro. Jiragen Ostiriya na iya fitowa da dare su yi wa garuruwan Italiya ruwan wuta, kafin gari ya waye sun koma bayan tsibirai. Haka suka yi wa Ankona a ranar farko ta yaƙin.

Italiya ta gwada fita da manyan jirage, ta sha wuya. A watan Yulin 1915 kaɗai jiragen ƙarƙashin teku suka nutsar mata da manyan jirage biyu, Amalfi da Giuseppe Garibaldi. Shugaban hafsoshin ruwa, Admiral Paolo Thaon di Revel, ya fahimci cewa kai jirgi mai mutum ɗaruruwa cikin wannan teku ganganci ne. Ita ma rundunar Ostiriya ta lafe a Pola, bayan ragar ƙarfe da nakiyoyi, ta ƙi fitowa a gwabza. Saboda haka aka nemi abin da zai bi ta har gida, abin da in ya salwanta asarar mai sauƙi ce, wanda zai ratsa saman nakiyoyi ba tare da ya taɓa su ba saboda bai nutsa cikin ruwa sosai. Wannan buƙata ce ta haifi MAS, kuma kafin yaƙin ya ƙare an ƙera su da ɗaruruwa.

Yaya jirgin yake, kuma ta yaya ake kai hari da shi?

Na zamanin Yaƙin Ɗaya, irin su MAS 15, tsawonsu kimanin mita 16 ne, nauyi wajen tan 12. Jikin katako ne zalla, ba sulke ko kaɗan. Injina biyu na fetur ƙirar Isotta Fraschini kan kai shi gudun kilomita 40 da ƴan kai a awa. Tofido biyu na rataye a gefe da gefe, ga mashinga, ga ƴan bama-baman da ake jefawa su fashe a zurfi. Wasu an saka musu ƙaramin inji mai aiki da batir, wanda ba ya ƙara, don lallaɓawa cikin tasha.

Man da suke ɗauka ba ya kai su nesa, don haka sau da yawa wani jirgin da ya fi su girma ne ke jan su da igiya har kusa da wurin aiki, ya sake su da dare, ya jira su a wurin da aka yi alkawari. Daga nan sai haƙuri. Gudu ba shi ne makamin farko ba, domin jirgi mai gudu na tayar da farin kumfa da ake hangowa daga nesa ko a duhu, ga rurin inji. Matuƙin kirki yakan taho a hankali, ya kwanta ƙasa-ƙasa da ruwa, ya matso har tazarar ƴan ɗaruruwan mitoci, ya saita hancin jirgin gaba ɗaya ga abin hari, tunda tofidon ba ya juyawa sai dai a juya jirgin. Sai an saki makami sannan a taka wuta a nemi tsira.

Ya kamata a tuna da mutanen da ke ciki. Suna zaune ne kan tankin fetur, gefensu bam, ba rufi, ruwan sanyi na dukan su dare guda. Harsashi ɗaya mai wuta ya isa ya mai da jirgin toka. Da yawansu kafin yaƙi masunta ne da ma'aikatan jiragen kasuwanci, mutanen da suka san ruwa kamar tafin hannunsu.

Wane ne Luigi Rizzo?

Mutumin Milazzo ne a tsibirin Sisili, an haife shi a 1887, kuma matuƙin jiragen kasuwanci ne kafin yaƙi ya kira shi. Sunansa ya fara fita a watan Disamban 1917, lokacin da Italiya ke cikin mawuyacin hali. Watanni biyu kafin nan sojanta na ƙasa sun sha mummunan kaye a Kaporetto, suka ja da baya har kogin Piave, kusa da Benis. Tsofaffin jiragen Ostiriya biyu masu sulke, Wien da Budapest, suka riƙa fitowa daga Tiriyesta suna luguden wuta kan sansanin igwan Italiya na bakin teku.

Daren 9 ga Disamba wayewar 10, Rizzo ya ja MAS 9 da MAS 13 zuwa bakin tashar. An ɗaure mashigin da igiyoyin ƙarfe masu kauri. Suka tsaya cikin sanyi da hazo suna datse su ɗaya bayan ɗaya da wani babban almakashi, masu gadi na nan kusa ba su ankara ba. Da hanya ta buɗe suka shiga da injin batir. Tofido biyun Rizzo suka sami Wien, ta nutse cikin ƴan mintoci. Na MAS 13 suka kuskure Budapest. Jiragen biyu suka fita lafiya. Abin da ke burge ni a wannan dare shi ne awowin da aka ɓata ana yankan waya cikin shiru, don su ne aikin. Harbin kansa bai ɗauki minti guda ba.

Me ya faru a Premuda ranar 10 ga Yunin 1918?

Wannan ita ce ranar da ta ɗaukaka MAS, don haka bari in ɗan zauna a kanta.

Ƙasashen ƙawance sun shinge bakin Adiriyatik ta kudu, a mashigin Otranto, da raga da nakiyoyi da jiragen sintiri, don hana jiragen ƙarƙashin teku na Jamus da Ostiriya fita Bahar Rum. Sabon kwamandan rundunar Ostiriya, Admiral Miklós Horthy, wanda daga baya ya mulki Hangari daga 1920 zuwa 1944, ya shirya fasa wannan shinge da dukan ƙarfinsa, har da manyan jiragensa huɗu na zamani. Biyu suka riga suka tafi. Sauran biyun, Szent István da Tegetthoff, suka bar Pola da daren 9 ga Yuni tare da ƙananan jiragen rakiya.

Tun daga fita aka fara samun tangarɗa. Ba a buɗe shingen tashar kan lokaci ba, aka makara. Da aka ƙara gudu don cike gurbi, injinan Szent István suka yi zafi, dole aka rage. Ga shi tana fitar da baƙin hayaƙi mai yawa. Saboda haka asuba ta riske su a kusa da tsibirin Premuda, wurin da ya kamata a ce sun wuce shi tun cikin duhu.

Rizzo bai san da zuwansu ba. Yana wurin ne da MAS 15 da MAS 21 kan aikin sintiri da neman nakiyoyi, har ya kama hanyar komawa wajen jiragen da za su ja shi zuwa Ankona. Wajen ƙarfe 3:15 ya hango hayaƙi ta arewa. Ya ɗauka jiragen sintiri ne suka fito farautarsa, ya ga gara ya tare su tun da sauran duhu. Da ya matso sai ya ga abin da bai yi tsammani ba. Ya rage gudu, ya kutsa ta tsakanin jiragen rakiya ba a gan shi ba, ya saki tofido biyu wajen ƙarfe 3:30. Dukansu suka daki Szent István ta dama, daidai ɗakunan tukwanen tururi. MAS 21, ƙarƙashin Giuseppe Aonzo, ya harbi Tegetthoff bai samu ba. Wani jirgin rakiya ya bi Rizzo da wuta, shi kuma ya jefa masa bam ɗin zurfi a gabansa, ya tilasta shi kaucewa. Jiragen biyu suka koma Ankona ba wanda ya rasa ransa.

Szent István kuwa, mai nauyin tan 20,000, mai igwa 12 masu bakin milimita 305, ta yi ta fama kusan awa uku. Jim kaɗan bayan ƙarfe 6 na safe ta kife. Mutum 89 suka mutu, daga cikin fiye da 1,000 da ke cikinta. Wani da ke kan Tegetthoff ya ɗauki hoton majigi na kifewar, ana ganin mutane suna gudu a kan bayan jirgin yana juyawa, kuma hoton na nan har yau. Mai kallonsa zai daina ganin abin a matsayin lissafin tan da tan. Horthy ya ɗauka an tona asirin shirinsa, ya soke harin baki ɗaya, manyan jiragensa suka koma Pola, ba su sake fitowa yaƙi ba. Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Har yanzu ranar 10 ga Yuni ce ranar bikin sojan ruwan Italiya.

Ta yaya tofido biyu kacal suka kifar da jirgi irin wannan?

Sulken jirgin yaƙi na wancan zamani an yi shi ne don tare harsashin igwa, saboda haka ya fi kauri a saman ruwa da daidai bakin ruwa. Tofido kuwa ƙasa yake duka, kuma fashewa a cikin ruwa ta fi ta sarari ƙarfi, domin ruwa ba ya matsuwa, sai ya tura dukan ƙarfin cikin jikin jirgi. Ɗakin tukwane na baya ya cika nan take, jirgin ya karkata. Ma'aikata suka cika wasu ɗakuna na ɗaya gefen da ruwa don daidaita shi, suka juya igwa zuwa hagu, suka zubar da harsasai a teku. Amma ruwa ya yi ta tsiyaya zuwa ɗakin tukwane na gaba ta ramukan bututu da wayoyi. Da wutar tukwane ta mutu, famfunan kwashe ruwa suka rasa ƙarfi, shi ke nan. Akwai kuma rauni a zanen wannan jerin jirage ta fuskar kariyar ƙarƙashin ruwa.

Wani abu da ya kamata a sani: a garin Fiume, wato Rijeka ta yau, aka ƙera Szent István, kuma a garin ne injiniyan Ingila Robert Whitehead ya ƙera tofido na farko mai tafiya da kansa a 1866, don sojan ruwan Ostiriya.

Harin Bukkari fa, da ake yawan ambata?

Sunansa ya fi aikinsa girma. Daren 10 ga Fabrairun 1918 jirage uku, MAS 94 da 95 da 96, da mutum 30, suka yi doguwar tafiya cikin ruwan abokan gaba har lungun Bukkari, wato Bakar ta yau, kusa da Fiume. Costanzo Ciano ne jagora, Rizzo na ciki, D'Annunzio ma na ciki. Suka harba tofido shida kan jiragen kaya, raga ta tare kusan duka, ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba. D'Annunzio ya bar kwalabe uku a ruwa ɗauke da wasiƙar tsokana, aka dawo aka cika jaridu da labari. Ga mutanen da Kaporetto ta karya wa zuciya, labarin ya yi amfani, kuma shiga wurin da fita lafiya jarumta ce ta gaske. Amma a ma'aunin yaƙi ba a nutsar da komai ba. Shi Ciano ɗin nan daga baya ya zama jigo a gwamnatin Musolini, ɗansa Galeazzo ya auri ƴar Musolini ya zama ministan harkokin waje.

Da aka zo Yaƙin Duniya na Biyu, sun canza?

Sun ƙara gudu ƙwarai. Jerin MAS 500, wanda kamfanin Baglietto na Varazze ya jagoranci zanensa daga tsakiyar shekarun 1930, tsawonsu mita 17 zuwa 19, nauyi tan 20 da ɗoriya zuwa 30, da injinan Isotta Fraschini biyu waɗanda asalinsu na jirgin sama ne. A ruwa mai kwanciya sukan haura kilomita 80 a awa. An yi wa ƙasan jirgin matakala yadda in ya ɗauki gudu zai ɗaga ya riƙa zamewa a saman ruwa.

A nan ne kuma aka yi kuskure, a ganina. An ƙera jirgin Adiriyatik, aka kai shi yaƙi a tsakiyar Bahar Rum, inda teku ke da faɗi da igiyar ruwa mai ƙarfi. Da iska ta ɗan taso, jirgin sai ya riƙa dukan ruwa kamar ana sara, gudun ya gagara, mutane su jigata, a rasa saiti. Dare da yawa ba sa iya fita ko kaɗan. Ga kuma na'urar rada da Birtaniya ta fara sakawa a jiragenta, wadda ta rage amfanin duhu, ga jiragen sama da ke farautar su da rana.

Italiya ta gane haka ne a watan Afrilun 1941, da ta kama wasu jiragen tofido na Yugoslabiya waɗanda kamfanin Lürssen na Jamus ya ƙera. Ba su kai MAS gudu ba, amma suna yanka igiyar ruwa su wuce. Sai aka kwaikwaye su a Monfalcone, aka fito da sabon jeri mai suna MS, motosilurante: tsawon mita 28, nauyi tan 60 da wani abu, injina uku, da tofido mafi girma. An ƙera 36, suka fara aiki a 1942.

To me suka iya yi a wannan yaƙin?

Sun yi abin a zo a gani a wuraren da teku ta ƙuntata. A Bahar Maliya, a watan Afrilun 1941, lokacin da sojan Birtaniya ke gab da karɓe Masawa a Iritiriya, wani tsohon jirgi da ya rage tun zamanin Yaƙin Ɗaya, MAS 213, ya fita da dare ya daki jirgin yaƙin Birtaniya Capetown. Bai nutse ba, amma sai da aka ja shi zuwa Fot Sudan, daga can aka kai shi Bombai gyara, ya daɗe bai koma aiki ba. A watannin nan ne kuma sojojin Najeriya ke fafatawa da Italiya a ɗaya ɓangaren wannan fage, inda suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu suka nausa zuwa Harar a Habasha.

Babban filinsu shi ne mashigin da ke tsakanin Sisili da Tunisiya, wanda duk ayarin da zai kai wa Malta abinci da mai daga Jibraltar sai ya bi ta cikinsa. A watan Yulin 1941 MAS suka huda jirgin kaya Sydney Star kusa da tsibirin Pantelleria, ya lallaɓa ya isa Malta da rami a cikinsa. Sai watan Agustan 1942, lokacin ayarin da Birtaniya ta kira Pedestal: jiragen kaya 14 da rakiya mai yawan gaske. Daren 12 wayewar 13, bayan jiragen sama da na ƙarƙashin teku sun tarwatsa tsarin ayarin, jiragen tofido na Italiya da na Jamus suka yi kwanton ɓauna a gaɓar Tunisiya, kusa da Kelibiya. MS 16 da MS 22 suka daki Manchester, jirgin yaƙi mai nauyin tan 9,000 da ɗoriya, injinansa suka tsaya, kyaftin ɗinsa ya ba da umarnin a nutsar da shi, abin da ya ja masa gurfana gaban kotun soja daga baya. Shi ne jirgin yaƙi mafi girma da irin waɗannan ƙananan jirage suka yi sanadin nutsewarsa a duk Yaƙin Biyu. A daren kuma jiragen kaya huɗu suka salwanta a hannunsu. Duk da haka biyar sun isa Malta, ciki har da tankar mai Ohio, kuma wannan ya isa ya tsayar da tsibirin da ƙafafunsa.

Da gaske ne an kai su har Rasha?

Gaskiya ne, kuma ta ƙasa aka kai su. A 1942 Jamus ta roƙi taimakon Italiya a Bahar Aswad. Turkiyya ta rufe mashiginta ga jiragen yaƙi, don haka aka ɗora MAS kan manyan motoci daga La Spezia, aka haye duwatsun Alps da su zuwa Biyana, aka saka su a kogin Danub har Romaniya, daga nan suka wuce Yalta da Feodosiya a Kirimiya. Kwamandansu Francesco Mimbelli ne. Aikinsu tare hanyar da ake kai wa Sebastopol ɗauki lokacin da aka kewaye ta. A watan Yuni MAS 571 ya nutsar da jirgin ƙarƙashin teku na Sobiyet Shch-214. A farkon Agusta tofido ya yanke wa babban jirgin Molotov bayansa. Italiyawa sun ce MAS 568 ne, wasu masana tarihi sun jingina harbin ga jirgin saman Jamus da ya kai hari a daren. A 1943 aka miƙa wa Jamusawa sauran jiragen.

Wasu huɗu, MAS 526 zuwa 529, an kai su tafkin Ladoga, suka yi aiki tare da Finlan da Jamus daga bazarar 1942 har sanyi ya matso. Ba su yi wani tasiri mai yawa ba, daga baya aka sayar wa Finlan da su. Amma ba zan wuce wannan ba tare da faɗin abin da aka tura su yi ba. Ta tafkin nan ne kusan duk abinci ke shiga Leningrad, birnin da aka kewaye, wanda yunwa ta kashe mutanensa da dubban ɗaruruwa. Tare wannan hanya aka aike su. Duk mai sha'awar ƙwarewar waɗannan matuƙa, kamar yadda nake yi, wajibi ne ya riƙe wannan a ransa.

Decima MAS da ake ji, su ne waɗannan jiragen?

A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Decima Flottiglia MAS, runduna ta goma, an ba ta sunan ne don ɓad da sawu. Ainihin aikinta shi ne hari da kayan sirri: tofido mai tafiya a hankali wanda mutum biyu ke hawa kamar doki da kayan nutso, da ƙananan kwale-kwale cike da bam waɗanda matuƙi ke saitawa ya diro kafin su daki jirgi. Tushen abin ya koma 1 ga Nuwamban 1918, lokacin da Raffaele Rossetti da Raffaele Paolucci suka shiga Pola da irin wannan na'ura suka nutsar da babban jirgin yaƙi Viribus Unitis, kuma MAS 95 ne ya kai su bakin tashar. A Yaƙin Biyu wannan runduna ce ta lalata jirgin York a Suda ta tsibirin Kirit a watan Maris 1941, ta kuma shiga Iskandariya ranar 19 ga Disamban 1941 ta naƙasa manyan jiragen Birtaniya biyu, Queen Elizabeth da Valiant. Harin da ta kai Malta ranar 26 ga Yulin 1941 ya zame mata bala'i: rada ta gano su, aka hallaka ko aka kama kusan duk waɗanda suka je, har da Teseo Tesei, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro tofidon hawa, kuma MAS 451 da 452 da suka raka su suka salwanta.

Bayan Italiya ta ajiye makami ranar 8 ga Satumban 1943, rundunar ta rabu biyu. Wasu suka bi gwamnatin sarki suka yi aiki da ƙasashen ƙawance. Wasu suka bi Junio Valerio Borghese suka tsaya tare da Jamusawa da Musolini a arewa, inda sunan ya koma na rundunar ƙasa mai yaƙar ƴan gwagwarmaya, da aka sani da azabtarwa da kashe fursunoni. Shi ya sa har yau sunan Decima MAS ke tayar da gardama a siyasar Italiya, kuma bai kamata a haɗa shi da matuƙan Premuda ba.

Me ya faru da su bayan yaƙi, kuma akwai waɗanda suka rage?

Yarjejeniyar zaman lafiya ta Faris ta 1947 ta haramta wa Italiya mallakar jiragen tofido masu inji, a jeri ɗaya da jirage masu ɗaukar jiragen sama da na ƙarƙashin teku. Wasu aka miƙa su ga ƙasashen da suka ci yaƙi, ciki har da Tarayyar Sobiyet, wasu aka cire musu tofido aka mai da su na sintiri. Bayan Italiya ta shiga ƙungiyar NATO a 1949 takunkumin ya sassauta, wasu daga cikin MS suka koma aiki na tsawon shekaru, har zuwan ƙananan jirage masu makami mai linzami ya rufe zamanin tofidon kusa-da-kusa.

Biyu daga cikin na Yaƙin Ɗaya suna nan ana ziyartarsu. MAS 96 na Bukkari yana Vittoriale, gidan D'Annunzio a Gardone Riviera, bakin tafkin Garda. MAS 15 na Rizzo yana Rum, a cikin babban ginin Vittoriano, a zauren da ake ajiye tutocin yaƙi. Rizzo kansa ya rasu a 1951, da lambar zinariya biyu ta jarumta da sarautar da aka ba shi mai ɗauke da sunan Grado da Premuda. Ita kuwa Szent István tana kwance a kife a zurfin mita 60 da ɗoriya kusa da Premuda, gwamnatin Kuroshiya ta sa ta cikin kayan tarihin da doka ta kare, ba a nutso wurinta sai da izini.